Sharhi: Balarabe Musa, gwamnan da ya yi mulki ba kwamishina

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ne, ɗan garin Kaya, wanda aka haifa a 1936, Allah Ya yi masa rasuwa ranar 11 ga Nuwamba, 2020.

Ranar 1 ga Oktoba, 1979 aka rantsar da shi gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wato tun Katsina na ciki, a tutar jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Sai dai majalisar dokokin jiha tana hannun 'yan jam'iyyar NPN. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika musu, sai su yi watsi da su. Haka ya riƙa tafiyar da gwamnati ba kwamishina ko ɗaya, har ranar 23 ga Yuni, 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau kujerar. Shi ne zaɓaɓɓen gwamna na farko da aka tsige a Najeriya.

Mutane sun fi riƙe labarin tsigewar. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne soke haraji da jangali, wato harajin shanu. Matasanmu ba su san zafin abin ba. Ku tambayi dattawan ƙauye: in lokacin haraji ya yi, magidanci kan sayar da 'yar akuyarsa ko ya ɓalle rumbu tun kafin damina, don kada dogarin hakimi ya ci masa mutunci a gaban iyalinsa. Bafulatani kuwa sai ya kwashe garkensa ya nausa daji, gudun masu ƙidayar shanu. Wannan kaya tun zamanin Turawa yake wuyan talaka, kuma yana cikin manyan abubuwan da 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano ta farko, suka sha ɗauri a kansu. Balarabe, wanda a NEPU ya koyi siyasa, ya sauke shi cikin mulkin da bai cika shekara biyu ba.

Bayan tsigewar ma bai sauya sheƙa ba. A PRP ya zauna, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003, ya shugabanci gamayyar jam'iyyun siyasa ta CNPP, yana faɗa wa kowace gwamnati gaskiya daga nan Kaduna har ƙarfinsa ya ƙare.

Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa.