Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Gina Dodo a Wasan Summoners War

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓa a yau sun shafi wasan wayar hannu na Summoners War, wanda kamfanin Com2uS na Koriya ta Kudu ya fitar a shekarar 2014, inda ɗan wasa ke tara dodanni, ya ƙara musu ƙarfi, sannan ya tura su fagen fama.

Wasiƙa ta farko daga wani mai sauraro take, wanda ya ce ya tara dodanni masu yawa, yana ɗan taɓa wannan ya taɓa wancan, amma har yanzu ƙaton da ke Giant's Keep, wani fagen fama a cikin wasan, yana share masa runduna. Yana so ya san wanne ya kamata ya fara ginawa.

To Malam, matsalarka ba ƙarancin dodanni ba ce, rarraba dukiya ce. Taurari su ne ma'aunin matsayin dodo, kuma kafin dodo mai taurari 5 ya koma mai taurari 6, sai ka sadaukar da wasu dodanni biyar masu taurari 5, kuma kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya ci nasa rabon kafin ya kai wannan matsayi. Wanda ya raba wannan wahala a kan dodanni ashirin zai wayi gari da ashirin ɗin duka a tsakiyar hanya, babu mai iya tsayawa gaban ƙato. Shawararmu ita ce ka fara da dodo ɗaya mai dukan abokan gaba gaba ɗaya, wanda zai iya share fili shi kaɗai yana jan ƙananan dodanni a bayansa suna samun girma, domin shi ne zai riƙa samar maka da abin sadaukarwar. Bayan shi sai ka gina tawaga guda ta mutum biyar saboda Giant's Keep kawai. Tsofaffin 'yan wasa sun daɗe suna bin wannan hanya da Veromos, wanda ake samu ta hanyar haɗa wasu dodanni, yana kuma wanke wa tawaga illolin da aka ɗora mata, da Belladeon mai warkarwa da karya kariyar abokin gaba, da Bernard mai ƙara sauri, da Shannon mai ƙara ƙarfin duka da kariya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar babban rabo wajen kiran dodanni, wato hanyar samun sababbi bisa sa'a, kuma wannan shi ne amfaninsu.

Wasiƙa ta biyu ita ce za mu fi daɗewa a kanta. Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa tana da Lushen, dodon iska wanda babban bugunsa ba ya kula da kariyar abokin gaba, ta cika masa dukkan gurabensa da duwatsun rune masu ƙara ƙarfin duka, amma ko dai a kashe shi kafin ya motsa, ko kuma ya yi bugun ya bar mutane a tsaye. Tana tambaya ko dodon ne ba shi da kirki.

Malama, dodon lafiyarsa ƙalau, sai dai mu duba yadda aka shirya shi. Kowane dodo yana da gurabe 6 da ake saka duwatsun rune, wato duwatsun da ke ƙara masa baiwa. Gurbi na 1, da na 3, da na 5 ba su ba ki zaɓi ba, domin na farko kullum ƙarfin duka yake bayarwa, na uku kariya, na biyar kuma jini. Duk shawarar tana kan gurbi na 2, da na 4, da na 6. A na 2 ne kaɗai ake samun sauri a matsayin babbar baiwar dutse, a na 4 ne kaɗai ake samun yawan mugun bugu (dukan da kan fito da zafi fiye da na kullum) ko zafinsa, a na 6 kuma ake samun saitin ɗora wa abokin gaba illa ko turjiya ga illa.

Abu na farko da za ki bincika shi ne ko duwatsun da ke waɗannan gurabe uku suna ƙara ƙarfi ne da kaso cikin ɗari ko da tsayayyen adadi. Dutse mai taurari 6 da aka kai shi mataki na 15 yana ba da kashi 63 cikin ɗari na ƙarfin duka, alhali ɗan'uwansa mai tsayayyen adadi 160 kawai yake bayarwa. Idan muka ɗauka asalin ƙarfin dodo 800 ne, na farko zai ƙara masa 504, wato ya ninka na biyu fiye da sau uku. Sabbin 'yan wasa da yawa suna ganin lamba 160 ta fi 63 girma a ido, sai su zuba kuɗin wasa a kan dutsen da ya kamata a sayar tun ranar da ya faɗo.

Abu na biyu shi ne mugun bugu. Galibin dodanni suna farawa ne da damar kashi 15 cikin ɗari ta yin sa, da ƙarin zafi na kashi 50. Dutsen gurbi na 4 zai iya ƙara kashi 80 a kan zafin, kuma shi ne burin duk mai gina dodon kisa, amma idan damar yin bugun ba ta wuce kashi 30 ba, to cikin duka goma, guda bakwai ba su amfana da shi ba ko kaɗan. Saboda haka a fara tara damar daga ƙananan baiwoyin da kowane dutse ke ɗauke da su ban da babbar, a haɗa da duwatsu nau'in Blade guda biyu, waɗanda tare suke ba da kashi 12, har sai ta yi sama sosai, sannan a koma kan zafi. A nan jinsin dodo ma yana da ta cewa: ruwa yana rinjayar wuta, wuta tana rinjayar iska, iska tana rinjayar ruwa, kuma mai rinjaye yana samun ƙarin kashi 15 na damar mugun bugu. Lushen da ke fuskantar dodannin ruwa kashi 85 ya ishe shi, amma idan kika tura shi kan na wuta, kin ɗora shi a kan hanyar da dukansa zai riƙa zamewa.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran muhimmanci, shi ne jerin motsi. Yadda mai buga ƙwallo a raga ba ya cin komai sai an miƙo masa, haka dodon kisa yake jiran waɗanda za su share masa hanya. Ana so mai ƙara sauri ya fi kowa sauri, mai ƙara ƙarfin duka da kashi 50 ya biyo shi, sannan mai kisa ya zo a ƙarshe, ba tare da tazarar da za ta bai wa abokin gaba damar kutsawa tsakani ba. Ga sauran masu kisa, waɗanda dukansu ke cin karo da kariya, sai an sa mai karya ta a gabansu, tunda karyawar tana zubar da kashi 70 na kariyar. Idan Lushen ɗinki ya riga mai ƙara masa ƙarfi motsi da maki ɗaya tak na sauri, bugun zai fita da rauni, kuma babu dutsen da zai gyara wannan sai an sake jera tawagar.

Wani mai sauraro kuma ya yi tambaya a taƙaice: tsakanin duwatsun rune nau'in Swift da nau'in Violent wanne ya fi? Malam, aikinsu daban ne. Swift guda huɗu suna ƙara kashi 25 na asalin saurin dodo, ban da wanda duwatsu suka ƙara, shi ya sa suka dace da irin su Bernard mai asalin sauri 111, wanda aikinsa shi ne ya riga kowa. Violent guda huɗu suna ba da damar kashi 22 ta sake motsi nan take, kuma kowane ƙarin motsi yana rage jiran da manyan dabaru ke yi kafin su dawo, don haka sun fi amfani a dogon faɗa, musamman ga masu warkarwa. Sai dai Violent a Dragon's Lair ake haƙo su, wurin da ya fi Giant's Keep wuya, kuma Swift mai kyawawan baiwoyi ya fi Violent maras su nesa ba kusa ba.

Wasiƙa ta ƙarshe tana tambaya ne a kan lokacin da ya kamata mutum ya haƙura da dutse ya daina kashe masa kuɗi. Ƙananan baiwoyi suna ƙaruwa ne a mataki na 3, da na 6, da na 9, da na 12. Dutsen da ya faɗo da baiwoyi huɗu yana samun ƙari a dukkan matakan nan, kuma kowane ƙari yana faɗawa kan ɗaya daga cikin huɗun ba tare da ka zaɓa ba, yayin da wanda ya faɗo da biyu yake samun ƙari sau biyu, sauran matakan kuma su buɗe masa sababbi. Ka kai dutse mataki na 6 ka duba inda ƙarin ya faɗa. Idan kana neman sauri sai ka ga duka biyun sun tafi kan tsayayyar kariya, sayar da shi ka riƙe kuɗinka. Daga mataki na 12 zuwa na 15 babbar baiwa ce kawai ke ƙaruwa, kuma nan ne kuɗi ya fi tafiya, saboda haka ka fara kai duwatsun gurbi na 2, da na 4, da na 6 can, ka bar na 1, da na 3, da na 5 a mataki na 12 har sai aljihunka na wasa ya yi nauyi.