Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Farfesan Cututtukan Garkuwar Jiki da Jijiyoyi

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma babban baƙo, shugaban tsangaya, malamai, likitoci masu neman ƙwarewa da ɗalibanmu, barkanmu da warhaka. Farfesa, ranka ya daɗe, barka da zuwa gida. Mun san aiki bai ƙare maka ba a ɗakin bincikenka na Turai, amma ka baro shi ka zo ka zauna da ƙannenka. Allah ya saka da alheri.

Fannin da ka ba rayuwarka ba baƙo ba ne a gadajen asibitinmu. Garkuwar da aka halitta don ta kare jiki, wani lokaci ita ce ke juyowa ta afka wa ƙwaƙwalwa da laka. Za a kawo budurwa ido ɗaya ya dushe, bayan 'yan makonni ƙafafu su mutu, fitsari ya ƙi fita. An daɗe ana haɗa wannan cuta, wadda ake kira cutar Devic, da cutar MS (multiple sclerosis, wata cutar da garkuwa ke lalata rufin jijiyoyi), har zuwa 2004, lokacin da Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamar cutar Devic a cikin jini. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin wasu magungunan MS na ƙara tsananta ta, kuma ta fi kama baƙar fata fiye da Turawa.

Ga kuma kumburin ƙwaƙwalwar da Josep Dalmau ya bayyana a 2007, shi ma garkuwar jiki ke jawo shi. Yarinya ta fara sambatu da gane-gane, sai farfaɗiya, dangi su ce iska ce. Alhali in an gano cutar da wuri aka lafar da garkuwar, da yawa suna miƙewa su koma makaranta. Sau tari sai an sha yawo kafin a iso gare mu.

To, ranka ya daɗe, ga kukanmu. Yaran nan sun san sunan DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, sun san tallafin Commonwealth da na Marie Curie, malamanmu kuma sun san TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Nijeriya. Abin da ke tsayar da su shi ne rashin malamin da zai ce "turo min shi", ko don digiri na biyu, ko digirin digirgir, ko zaman bincike bayan an kammala. Muna roƙon ka buɗe wannan ƙofa, mu riƙa duba ɗalibi tare, kai can, mu nan. In kuma za a tafi da jinin majinyatanmu, da izininsu, a tafi da ɗalibin da ya ɗebe shi, ya yi awon da hannunsa, sunansa ya fito a takardar, ya dawo ya kafa mana gwajin. Kada gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa.

Ɗalibai, ku shirya tambayoyinku, ban da kunya. Farfesa, bismillah, ga lasifika.