Jawabin maraba ga Mai Girma Minista a ɗakin binciken sinadarai, Jos

Assalamu alaikum. Mai Girma Minista, shugabannin jami'a, malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Ranka ya daɗe, sannu da hanya, sannu da sanyin Jos.

A ɗakin nan muna lissafawa da kwamfuta yadda daskararrun sinadarai masu kabon, irin su farasitamol, ke sauya hali idan aka matse su ƙwarai. Ma'auninmu na matsi gigafaskal ne, ɗaya ya kai matsin iskar da muke shaƙa sau kusan 10,000.

Farasitamol ɗin da kowa ya sani, ƙananan ƙwayoyin sinadarin da ke cikinsa kan jeru a fasali fiye da ɗaya. Fasali na farko ake sayarwa, amma na biyu ya fi cunkushewa, ya kuma fi karɓar dannawa a injin buga ƙwaya. Fasalin da kuzarinsa na Gibbs, wato ma'aunin ɗorewar fasali, ya fi ƙasa shi ke zama, kuma tazarar da ke tsakanin fasali da fasali sau da yawa ba ta kai kilojul 2 na kuzari a kowane mol ba (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne). To, a gigafaskal ɗaya, bambancin girma na santimita kubik ɗaya a mol ya zama kilojul ɗaya cif. Ka ga ɗan kuskure kaɗan a girma ya isa ya juya amsar. Wannan ba wasa ba ne: a 1998 sai da aka janye kafso na ritonabir, maganin cutar HIV, daga kasuwa saboda sabon fasali ya ɓullo, ba ya narkewa sosai.

Inda lissafi ya fi zamewa shi ne jan da ke tsakanin ƙwayoyin, mai rauni ne. In aka manta da shi, sai kwamfuta ta kumbura kiristal ɗin, wato daskararren sinadarin. Shi ya sa muke lissafa kuzari a girma daban-daban, mu ɗora a kan ƙa'idar Birch da Murnaghan mai haɗa kuzari da girma da matsi, mu ƙara motsin da zafi ke haifarwa, sannan mu gwada da awon da aka yi tsakanin bakin daimon biyu, inda hasken yakutu ke nuna matsi. Ruwan metanol da etanol, huɗu bisa ɗaya, da ake zuba wa samfurin don matsi ya same shi daidai ta kowane ɓangare, yakan daskare wajen gigafaskal 10. Awon da ya wuce nan ba ma saurin yarda da shi.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: wuta. Lissafi guda kan ɗauki kwanaki, in ta ɗauke aiki ya tsaya. Muna roƙon sola da batira masu riƙe injinan dare da rana.

Bismillah, mu ƙarasa ciki ka gani da idonka.