Kafin Ku Ɗauki Ma'aikaci a Wata Ƙasa: Dokar Wa Za a Bi?

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa.

A ce kuna da kamfani, kun daɗe kuna neman wanda zai riƙe muku wani aiki, har Allah ya haɗa ku da gwani ta intanet. Kun tattauna ta bidiyo, hankalinku ya kwanta da shi, kun daidaita a kan albashi. Sai dai shi a wata ƙasa yake zaune, kuma can zai ci gaba da zama yana yi muku aiki. To dokar wace ƙasa ce za ta hau kan wannan aikin, taku ko tasa?

Galibi tasa ce. Inda mutum yake zaune yana aiki, nan doka take kama shi, ta haɗa da ku. Wasu sukan rubuta a kwantiragi cewa dokar ƙasar kamfani za a bi, su ɗauka shi ke nan. A Tarayyar Turai akwai ƙa'idar da ake kira Rome I ta 2008. Ta yarda ku zaɓi dokar da kuke so, amma ta ce zaɓin ba zai raba ma'aikaci da kariyar da dokar inda ya saba aiki ta wajabta masa ba. Haƙƙinsa yana nan, ko kun rubuta ko ba ku rubuta ba.

Bari mu fara da hutu, don nan ne bambancin ya fi fitowa fili. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, ko da kwana ɗaya ne. Abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne kawai. Da kun tsallaka Tarayyar Turai, mako 4 ne mafi ƙaranci a kowace ƙasa. Faransa ta ɗaga shi zuwa mako 5 tun 1982. A Birtaniya mai aikin kwana biyar a mako yana da kwana 28. A Brazil kwana 30 ne, kuma idan zai tafi, bayan cikakken albashinsa sai an ƙara masa kashi ɗaya bisa uku a kai. Meziko ta ninka nata a 2023, daga kwana 6 zuwa 12 bayan shekarar farko. Saudiyya tana ba da kwana 21, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya, kuma ma'aikaci Musulmi yana yin awa 6 ne a rana cikin watan azumi, sannan bayan shekara biyu yana da damar hutun aikin Hajji da albashi sau ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ma'aikacinku da kukan gidansu zai zo muku.

Hutun haihuwa ma haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta 2000, ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙaranci. Indiya ta kai shi mako 26 da albashi tun 2017. A Suwidin iyaye biyu suna raba kwana 480 a tsakaninsu. Amurka kuwa dokarta ta 1993 mako 12 ta bayar, babu albashi, kuma ta shafi kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ne zuwa sama.

Amma abin da na ga ya fi girgiza ƙananan kamfanoni shi ne jinya, domin ba wanda yake sa ta a lissafi ranar ɗaukar aiki. A Jamus, idan ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya, ku ne za ku biya shi cikakken albashi har mako 6 kafin inshorar lafiya ta karɓa. A Holan nauyin yana kanku har shekara biyu, kuna biyan aƙalla kashi 70 cikin 100. Shekara biyu! Ni ban ga laifin wannan doka ba, domin mara lafiya yana da iyali, kuma cuta ba ta sallama kafin ta shigo. Amma kamfani mai mutum biyar da bai san da ita ba, bai kuma yanki inshora ba, tana iya durƙusar da shi.

Sai albashi. A nan akwai kuskuren da kusan kowa yake yi da farko: a ɗauki albashin wata, a ninka sau 12, a ce kuɗin shekara ke nan. A ƙasashe da yawa watannin albashi 13 ne. Brazil ta wajabta albashin wata na 13 tun 1962. Filifin ta wajabta nata a 1975, kuma dole ya shiga hannun ma'aikaci kafin 24 ga Disamba ta wuce. A Meziko aƙalla albashin kwana 15 ne kafin 20 ga Disamba, ga kuma kashi 10 cikin 100 na ribar kamfani da doka ta ce a raba wa ma'aikata. A Holan akwai kuɗin hutu, kashi 8 cikin 100 na albashin shekara. Duk waɗannan haƙƙi ne da ake iya kai ku kotu a kansu, ba ihsani ba ne.

Bayan su akwai abin da ake cirewa daga albashi a miƙa wa hukuma, wato haraji da fansho da inshora, da kuma kason da kamfani yake ɗorawa daga aljihunsa. A Amurka kamfani yana biyan kashi 7.65 cikin 100, a cire wa ma'aikaci daidai wannan. A Brazil kowane wata ana zuba kashi 8 cikin 100 a wani asusu da sunan ma'aikaci, kuma ranar da aka sallame shi ba da laifi ba, sai kamfani ya ƙara tarar kashi 40 cikin 100 na abin da aka tara masa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tun 2009 albashi yana bi ta wani tsari ne da hukuma ke gani, ta san wanda ya biya da wanda ya yi jinkiri. A can giratuti ma, wato kuɗin sallama, yana jira a ƙarshe: albashin kwana 21 kan kowace shekara a biyar ɗin farko, kwana 30 kan kowace shekara bayan nan.

Tunda mun ambaci sallama, a Amurka, in ban da jihar Montana, ana iya rabuwa da ma'aikaci ba tare da an faɗi dalili ba, muddin ba wariya ko ramuwa ba ce. A Jamus, kamfanin da ya haura mutum 10 ba ya korar wanda ya wuce wata shida sai da dalilin da kotu za ta karɓa, kuma sai a rubuce a takarda da sa hannu. Saƙon imel ba ya zama takardar kora a can.

Na san abin da wasu ke rayawa yanzu: to me zai hana mu kira shi ɗan kwangila, mu tura masa kuɗinsa, shi ya ji da harajinsa? Wani lokaci hakan daidai ne, idan da gaske mai zaman kansa ne, yana da abokan ciniki da yawa, shi yake tsara lokacinsa, da kayan aikinsa yake yi. Amma idan ku kuke sa masa lokacin shiga da na tashi, ku kaɗai yake wa aiki, sai ya nemi izininku kafin ya huta, to sunan da kuka raɗa masa a takarda ba zai hana alƙali ya duba zahiri ba. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke wa kamfanin Uber hukunci cewa direbobin da suka kai ƙara ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu da biya, duk da abin da kwantiragi ya ce. Idan irin haka ta faɗo muku, bashin shekarun baya ne zai taso gaba ɗaya: haraji, fansho, kuɗin hutu, da tara. Kuma tun kafin a je kotu, mutumin da ya yi muku shekaru ba fansho ba hutun jinya an riga an ci haƙƙinsa.

Hanyoyin da suka rage guda biyu ne. Ko dai ku yi wa reshenku rajista a ƙasar, ku nemi akanta da lauya na can, wanda ya fi dacewa idan mutanen da za ku ɗauka suna da yawa. Ko kuma ku je wurin kamfanonin da sana'arsu ke nan: suna da rajista a ƙasar, su ɗauki mutumin da sunansu, su biya albashi da haraji, ku kuma ku ba shi aiki ku biya su lada duk wata. Sun zama ubangidansa a takarda. Wannan ya fi sauri ga mutum ɗaya ko biyu, amma ku tambaya tukuna, domin wasu ƙasashen sun sa wa irin wannan tsari lasisi da iyakar lokaci. Kuma ku tabbatar kwantiragin ya fayyace cewa abin da ma'aikacin ya ƙirƙira mallakarku ne.

Ko da wannan tsari, akwai wata ƙofa da hukumar haraji take shigowa. Idan ma'aikacinku ya saba ƙulla ciniki da sunan kamfaninku a can, ana iya ɗaukar cewa kamfanin yana da mazauni a ƙasar, a nemi haraji kan ribar da aka samu ta hannunsa. Shi ya sa ɗaukar mai sayar da haja ya fi ɗaukar mai rubuta manhaja buƙatar shawarar lauya.

Sannan mutane suna tashi. Wanda kuka ɗauka a wata ƙasa yana iya kwashe kwamfutarsa ya koma wata, aiki bai tsaya ba, ku ba ku sani ba. A ƙasashe da yawa, da ya kai kwana 183 a shekara ya zama mazaunin da ake bi haraji, ga kuma batun ko bizarsa ta ba shi izinin yin aiki a can. Don haka ku sa a kwantiragi tun ranar farko cewa kafin ya canza ƙasar da yake aiki, sai ya sanar da ku a rubuce, kun kuma amince.