Me Ke Sa Rubutun Turanci Ya Tafi Sumul?

Sau da yawa ɗalibi zai rubuta insha'in Turanci, nahawunsa daidai, haruffansa daidai, amma mai karatu ya yi ta tuntuɓe daga wannan jimla zuwa waccan. Kowace jimla lafiyarta lau, sai dai babu zaren da ya ɗinke su. Wannan zaren ne za mu duba yau, kuma akwai maki a kansa. WAEC na ware maki don tsarin insha'i, a IELTS kuwa, wato jarrabawar auna ƙwarewar Turanci ta ƙasa da ƙasa, haɗuwar jimloli da jerantuwar ma'ana na ɗaya daga cikin ma'aunai 4 da ake auna rubutu da su.

A shekarar 1976, masana harshe Michael Halliday da Ruqaiya Hasan sun fitar da littafin Cohesion in English, inda suka kasa hanyoyin ɗaure jimlolin Turanci gida 5. Abin lura shi ne, kalmomin haɗi irin su however da therefore gida ɗaya kacal suka ci. Sauran sun haɗa da lamirai, wato wakilan suna irin su it da they, masu nuni ga abin da ya gabata, da maimaita kalma ko kawo 'yar'uwarta, da barin abin da mai karatu ya riga ya gane.

Mu fara da lamiri, domin nan ne Bahaushe ke yawan zamewa. Ku dubi wannan jimla: She dropped the phone on the table and it cracked. Me ya tsage, wayar ko teburin? A Hausa babu wannan ruɗani, da an ce "ta tsage" an san waya ce, da an ce "ya tsage" an san tebur ne. Turanci kuwa it ɗaya yake bai wa duka biyun. Shi ya sa duk inda kuka sa it ko they ko this, ku waiwaya baya ku tabbatar abu ɗaya tak zai iya komawa gare shi. In akwai shakka, ku maimaita sunan. Malamai da dama na hana maimaici, amma ni dai gara a maimaita the phone da a bar mai karatu yana canki-canki.

Abin da ya fi komai tasiri, kuma ba a cika koyar da shi a aji ba, shi ne inda ake ajiye tsohon bayani da sabo. Mai karatun Turanci ya fi samun sauƙi idan jimla ta buɗe da abin da ya riga ya sani, ta rufe da sabon abu. Misali: The town has a new bridge. A local company built the bridge. Babu kuskure, amma jimla ta biyu ta fara da baƙo. Yanzu ku saurari wannan: The town has a new bridge. It was built by a local company, which also repaired the road. Gada ta miƙa mu ga kamfani, kamfani ya miƙa mu ga hanya. Ku lura, ba mu sa moreover ko furthermore ko ɗaya ba, kuma maganar ta tafi.

To, ina amfanin kalmomin haɗin? Suna da shi sosai, matuƙar sun faɗi gaskiyar alaƙar da ke tsakanin jimlolin. Therefore alkawari ce cewa abin da ke tafe sakamako ne na abin da ya wuce. However gargaɗi ce cewa magana za ta juya. Wanda ya sa therefore inda babu dalili da sakamako ya yaudari mai karatu, kuma mai gyaran takarda yana gani nan take. Haka on the contrary ba ɗaya take da on the other hand ba: ta farko musanta magana take yi, ta biyu kawo ɗaya ɓangaren take yi.

Akwai wani tarko da harshenmu ke ɗana mana. Muna cewa "ko da yake ya gaji, amma ya zo", kuma Hausa ce tsantsa. Turanci ba ya yarda although da but su haɗu a kan aiki ɗaya. Ko dai Although he was tired, he came, ko kuma He was tired, but he came. However ma tana da nata sharaɗin: waƙafi kaɗai ba ya isa ya haɗa cikakkun jimloli biyu a gabanta. Ku sa aya, ku fara However da babban baƙi, sannan waƙafi ya biyo bayanta.

Yanzu ku ɗauko sakin layi ɗaya da kuka rubuta kwanan nan. Ku ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku na farkon kowace jimla, ku karanta su a jere da babbar murya. Duk jimlar da ta buɗe da abin da ba a taɓa ambata ba, ku juya ta, ku maida sabon abin ƙarshenta, sannan ku sake karanta sakin layin daga farko.