Aikin kwastoman ɓoye: wane kamfani ne na gaske, kuma ina kuɗinka zai shiga?

Salamu alaikum jama'ar Gombe da kewaye. Satin nan saƙo ɗaya ne ke ta yawo a gurup-gurup na WhatsApp, ni kaina sau huɗu aka turo min, wai wani kamfani yana ɗaukar mutane aikin shiga shaguna da bankuna suna sayayya a ɓoye, a biya su kullum. Ƙanena da ke karatu a Kashere shi ma ya kira ni ya ce Hamma don Allah duba min wannan abin kafin in cike fom. To shi ya sa na ce bari mu zauna mu yi bidiyo a kai gaba ɗaya.

Abu na farko, aikin akwai shi. Ba ƙarya ba ne. Turawa suna ce masa mystery shopping, mu a nan bari mu ce kwastoman ɓoye. Mai kamfani, ko banki ne ko gidan mai ko shagon layin waya, yana so ya san yadda yaransa ke karɓar mutane in ba ya nan, sai ya ɗauki wani kamfani na bincike, shi kuma ya turo mutum irinka ka shiga kamar kowa. Ga shi nan kamar yadda kuke gani, ya shiga, ya gaisa, ya tambayi farashi, ya sayi ɗan abu, ya karɓi rasit, ya fita. Daga baya ya rubuta ƙarfe nawa ya shiga, minti nawa ya yi a layi, an gaishe shi ko an yi banza da shi, wurin da tsafta ko babu. Shi ke nan aikin. Har Babban Bankin Najeriya, CBN, a ƙarshen 2024 ya fitar da takarda cewa zai yi amfani da wannan dabarar don gano bankunan da sababbin kuɗi ke fita daga wajensu su faɗa hannun masu sayar da su a bakin titi. Kun ga ashe ba wasan yara ba ne.

Sunayen kamfanoni kuma ba zan ɗau lokaci a kansu ba, ga su a allo. Akwai Ipsos, na Faransa ne, tun 1975 aka kafa shi, yana da ofis a Legas. Akwai BARE International na Amurka da ke aiki a ƙasashe da yawa. Akwai irin su BestMark da Market Force, su ma na gaske ne, amma ɗan uwa shagunan da suke tura mutane suna can Amurka da makamantanta, kai kuma kana Jekadafari, aikin nan kuwa sai ka taka da ƙafarka ka shiga shagon. Don haka duk wanda ya ce maka shi wakilin wani kamfanin Amurka ne zai ba ka aikin shago kana kwance a ɗaki da wayarka, tun daga nan magana ta fara wari. Sannan akwai ƙungiyar masu wannan sana'a, MSPA, tana da reshen Turai da Afirka, kuma tana da jerin kamfanonin da ke cikinta a shafinta, kana iya dubawa kyauta.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne ake cin mutane.

Mutane sun ji an ce kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗinka, sai kuma suka ji an ce a aikin gaske kai ne za ka fara kashe kuɗinka a shago kafin a mayar maka. Sai kai ya ɗaure, to wanne ne gaskiya? Duka biyun gaskiya ne. Su kuma 'yan damfara a daidai wannan tsakanin suke zama. Sai ya ce maka ai ka sani dama a wannan aikin kai ke fara kashewa, to turo dubu biyar na rijista, za a mayar maka da albashin farko. Kai kuma ka tuna e lallai na ji an ce haka, sai ka tura.

Tambayar da za ka yi wa kanka ɗaya ce tak: kuɗin nan da zai fita daga aljihuna, hannun wa zai shiga?

Ku kalli hoton nan na hagu. Kuɗin ya fita daga hannunka ya shiga durowar mai shago, an ba ka kaya, sabulu ne ko kati ko lita biyu na fetur, an ba ka rasit. Ko da kamfanin ya ƙi biyanka gobe, kayanka na hannunka. Kuma tun kafin ka fita daga gida an rubuta maka iyakar abin da za ka kashe, da ladan aikin daban, da ranar da za a biya. Wannan shi ne na gaske.

Yanzu na dama. Kuɗin ya fita daga wayarka ya shiga akawun ɗin wani mutum da ba ka taɓa gani ba, sunan da ya fito ma ba na kamfani ba ne. Me aka ba ka? Ba komai sai alƙawari. Ko sun kira shi kuɗin fom, ko na horo, ko na katin shaida, ko na buɗe maka akawun, duk sunan da aka sa masa abu ɗaya ne. Wanda zai ɗauke ka aiki shi ke biyanka, ba kai ke biyansa ba.

Akwai kuma nau'i na biyu wanda wallahi ya fi ba ni tsoro, don shi ba su tambaye ka ko sisi ba, su ne ma za su turo maka. Sai a ce aikinka na yau shi ne gwada masu POS ko gwada yadda tura kuɗi ke tafiya, mun sa maka dubu ɗari, ka cire dubu goma ladanka, sauran ka tura wannan lambar. A Amurka da cak na bogi suke yi, hukumar kare masu sayayya ta can, FTC, ta daɗe tana gargaɗi a kai, mutum ya kai cak banki, ya sayi katin kyauta ko ya tura kuɗi, bayan kwanaki banki ya gano cak ɗin ƙarya ne bashi ya hau kansa. Mu namu salon biyu ne. Ko dai alat ɗin bogi ne, saƙo ne kawai ya shigo wayarka, in ka buɗe manhajar banki za ka ga ba abin da ya ƙaru, kai kuma ka riga ka tura naka na gumi. Ko kuma kuɗin ya shigo da gaske amma na sata ne, an kwashe daga akawun ɗin wani bawan Allah an bi da shi ta naka don a ɓatar da sawu. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, sunan wa za a gani? BVN ɗin wa? Akawun ɗinka za a rufe, kai za a nema, shi wancan ya cire layinsa ya jefar. Wata baiwar Allah a unguwarmu haka ta faru da ita, ita da ke sayar da turaren wuta tana rufa wa kanta asiri, ta yi makonni tana zirga-zirga banki kafin a saurare ta, jarinta na ciki ba halin taɓawa. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

To a ce ka samu na gasken, ya cancanci wahalar? Nan lissafi ne. A ce ladan aiki ɗaya dubu uku, kana Pantami shagon yana wajen Tashar Dukku, cire kuɗin Keke zuwa da dawowa, cire data ɗin tura hotuna, sannan ka tuna kuɗin ba yau za su shigo ba, sai an duba rahotonka an amince, wani lokaci makonni. In ka manta rasit, ko ka wuce lokacin da aka ba ka, ko ma'aikacin ya gane ka, ana iya ƙin karɓar rahoton gaba ɗaya. Kuma ayyukan sun fi yawa a Legas da Abuja da manyan birane inda rassa suke da yawa, nan wajenmu jefi-jefi ne. A ganina abin ƙarin kuɗin cefane ne ga ɗalibi ko mai wata sana'a, kar wani ya ajiye aikinsa saboda shi. Kamfanin da ya cancanta shi ne wanda ya faɗa maka wannan gaskiyar tun farko, yana da rijista da hukumar rijistar kamfanoni, CAC, da za ka iya bincika sunan a shafinsu, yana da ofis da imel mai sunan kamfanin, kuma bai taɓa tambayarka lambar sirrin katinka ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo ba.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba, rahoton da za ka rubuta a kan mutum ne mai iyali. Yarinyar da ke kanta a bankin nan, abin da ka rubuta yana iya kai ta ga ƙarin girma ko takardar gargaɗi. Amana ce, abin da ka gani shi za ka rubuta, ba ƙari ba ragi.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ko ya ba da lambobinsa, kar ka jira gari ya waye. Kira bankinka yanzu a lambar da ke bayan katinka su toshe katin, ka ɗau hoton duk hirar da kuka yi da lambar akawun ɗin da ka tura wa kafin su goge, gobe da safe ka je reshe da kanka ka rubuta ƙorafi, in kuɗin da yawa ka haɗa da EFCC, suna da ofis a nan Gombe.