Matsayin Lamba 2 a Tambayoyin Firam na Jarrabawa

A tambayoyin lissafi na shirin jarrabawa irin su GMAT da GRE, waɗanda ake yi don neman shiga karatun gaba da digirin farko, akan ce p da q lambobin firam ne, kuma p sau q ya ba da lamba cika, sannan a nemi ku yanke hukunci a kansu ba tare da an faɗa muku ko ɗaya daga cikinsu ba. Lambar firam ita ce wadda ta fi 1, kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11.

A duk wannan jeri, wanda ba shi da iyaka, 2 ce kaɗai cika, domin duk wata cika da ta fi ta girma 2 na raba ta. Mara sau mara kuwa kullum mara ce: 3 sau 5 ya ba da 15, 7 sau 11 ya ba da 77. Ke nan da zarar an ce sakamakon cika ne, lallai akwai 2 a cikin lambobin, kuma idan aka ƙara da cewa p ba ta kai q ba, to p ita ce 2.

Inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe shi ne idan aka tambaye su ko jimlar p da q mara ce. Mai gaggawa zai gwada 2 da 3, ya samu 5, ya gwada 2 da 13, ya samu 15, sai ya ce eh. Amma ku koma ku sake karanta tambayar a tsanake, domin matuƙar ba a ce lambobin sun bambanta ba, dukkansu na iya zama 2, inda ninkinsu, wato p sau q, zai zama 4, jimlarsu ma 4, wato cika. Masu tsara tambayoyin da gangan suke barin wannan ƙofa a buɗe, kuma amsar da ta dace a nan ita ce bayanin bai wadatar ba.

Haka dabarar take idan aka juya tambayar. Idan jimlar firam biyu 21 ce, dole ɗaya ta zama cika, tunda mara biyu ba sa haɗuwa su ba da mara, don haka lambobin su ne 2 da 19, ninkinsu kuma 38.